Bakan Delphine

Yayana Florian mutum ne da in ya faɗi magana, ko za ta cinye shi ba ya janye ta. Haka yake tun muna yara, kuma ni Bernadine na fi kowa shan wahalar wannan hali, don gidana ne ke kallon nasa, titi kawai ya raba mu. Daga mu biyu babu sauran mai hura wuta a wannan hanya, sai gonakin dankali da masara, sai fadama a bayansu.

Maganar da ta cinye shi a gabana ya yi ta, ranar Ista, muna kan tebur. Kafin nan da 'yan makonni ya zame a tsohon ɗakin shanu ya faɗi a kan kafaɗarsa ta dama, ya wuni a ƙasa tun safe, sai da na lura bututun gidansa ba ya hayaƙi na tsallaka na same shi. Shi ya sa 'yarsa Janine ta taso daga birnin Madison da magana a bakinta: ta samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da inda take.

“Baba, ɗaki ne mai kyau. Tagarsa tana kallon tafki.”

“To ki shiga ke, tunda ya burge ki.”

“Baba, don Allah. Da Gwaggo ba ta leƙo ba fa?”

“Gwaggonki ba ta da aiki sai leƙe. Don shi aka halicce ta.”

Na ce, “Ka ji marar godiya. Da na bar ka ɓeraye sun cinye ka, kowa ya huta.”

Janine ba ta yi dariya ba. Idanunta sun kawo ruwa, kuma wallahi gaskiyarta, ni ma na san gaskiyarta ce. Florian ya ajiye cokali ya dube ta.

“To ji nan. Tun kafin a haife ki ba a taɓa shiga hunturu a gidan nan babu naman barewar da na harbo da baka ba. Bana ma haka za a yi. In aka buɗe lokacin farauta da bindiga ban rataye barewa a ɗakin shanun can ba, ki zo da motarki, ba sai kin roƙe ni ba.”

Na kai masa shuri ta ƙarƙashin tebur, amma magana zarar bunu, ta riga ta fita. Janine kuwa 'yar ubanta ce. Ta share ido ta ce ta yarda, da sharaɗi biyu: ba zai hau bishiya ba, kuma ba zai shiga daji shi kaɗai ba. Ka ga an rataya mini aiki ke nan ba tare da an tambaye ni ba.

Da damina ta kankama sai ya sauko da bakansa. Irin na zamani ne, mai 'yan tayoyi sama da ƙasa, nauyin jansa laba saba'in. Duk irin bakan nan halinsu ɗaya: kana ja yana ƙara tauri, yana ƙara tauri, har ka kai wani tudu, in ka haye tudun sai ya saki jiki ya bar ka ka riƙe ka saita a natse. Ina wanke-wanke ina hangen sa ta taga. Ya ja, tsirkiya ba ta motsa fiye da taƙi ɗaya ba. Ya sake ja. A karo na uku ya durƙusa ya riƙe kafaɗa. Na sunkuyar da kai cikin kumfa kamar ban gani ba.

Kwana da kwanaki bai zo shan kofi ba. Ranar da ya zo, da wani dogon abu ya shigo, naɗe cikin tsohon bargo, ya shimfiɗa mini shi a kan tebur kamar gawa.

“Ɗauke mini wannan ƙazantar, a nan nake murza fulawa.”

“Buɗe ki gani.”

Na buɗe. Bakan Delphine ne, matarsa, Allah ya jiƙanta. Shekara tara ke nan da rasuwarta. 'Yar ƙaramar mace ce mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano, kuma a daji ta fi shi haƙuri nesa ba kusa ba. Koren fentin bakan ya ɓaɓɓare, tayoyinsa ƙanana ne zagayayyu irin na da, gizo-gizo ya yi gida a tsakaninsu. Nauyin jansa laba arba'in ne, ko ma bai cika ba.

Ya ce, “Wannan zan iya.”

Na ce, “Za su yi maka dariya a wurin Duane.”

“Su yi. Haƙoransu ma ba nasu ba ne.”

Duane ne mai gyaran baka a garinmu. A bayan garejinsa yake aiki, inda tsofaffin banza ke taruwa su shanye masa kofi su yi ƙaryar ƙahonin barewar da suka gani. Ni na kai Florian a mota. Muna shiga ya kwance bargon, wuri ya ɗauka.

“Kai, Florian! Daga wane kabari ka tono wannan?”

“Wannan ai ya girmi Duane.”

“Bakan mata! In ka harbi barewa da shi sai ta juyo ta ce wa ya kira ni.”

Na ce, “Kai Ambrose, rufe mana baki. Kai da bara ka harbi saniyar roba ta gaban kantin madara ka ce ta motsa.”

Aka sheƙe da dariya, Ambrose ya koma cikin kofinsa. Duane ya matso. Ya juya bakan, ya duba hannayensa ko sun tsage, ya murza tayoyin da ɗan yatsa. Sannan ya miƙa hannu bango ya sauko da irin bakan nan da ake ɗanawa a ajiye, mai kunama kamar bindiga.

“Dattijo, ga mafita. Doka ta yarda, kowa da shi yake harbi yanzu. Ba ruwanka da kafaɗa.”

Florian ya yi masa kallon da ake yi wa mushe. “Wannan bindiga ce da ta ji kunyar sunanta. Na ce da baka, ban ce da wayo ba.”

Duane ya yi ajiyar zuciya ya mayar. Ya ce to, bakan zai iya kisa, Delphine ta sha nuna haka. Amma sai an canja tsirkiya, don wannan ta bushe ta fara tsattsagewa. Sai kibau masu nauyi, ba irin marasa nauyin nan na yanzu ba. Sai kan kibiya mai baki biyu kamar wuƙa, wanda yake yanka tun daga tsininsa, ba mai buɗewa a cikin nama ba, don wannan ƙarfi yake ci kuma bakan ba shi da rarar ƙarfi. Kada nisan harbi ya wuce taku ashirin. A bayan ƙafar gaba, ba a kan ƙashi ba.

“Kuma ka ja shi har ƙarshe. Babban baka yakan yafe maka kuskure, wannan ba shi da abin yafiya.”

“Yaro, kana cikin zanin goyo nake harbi.”

“Na sani. Faɗa dai na yi.”

Ya matse bakan a injinsa ya zare tsohuwar tsirkiya, ya juya zai jefa ta a kwandon shara. Sai Florian ya cafke wuyan hannunsa. A jikin tsirkiyar akwai wani ɗan jan maɓalli na roba, bai kai ƙwayar wake biyu ba, ya koɗe ya zama ruwan hoda. Aikinsa ɗaya ne: in ka ja baka ya cika, shi ne zai zo ya taɓa gefen leɓenka, ka san ka kai.

“Cire wannan ka mayar a sabuwar.”

“Ina da sababbi cike da kwalba.”

“Na ce wannan.”

Dukanmu mun san maganar Delphine, don ta sha faɗa wa yaran garin da ta koya wa harbi: “In bai sumbace ka ba, kada ka saki.” Duane ya sa ɗan tsinke ya ciro maɓallin a hankali, ya ɗaura shi a sabuwar tsirkiya, ya gwada shi daidai tsayin fuskar Florian.

Daga nan gidana ya zama maƙera. A kan teburina yake wasa kawunan kibau, wai hasken tagata ya fi. Ya goga a dutse, ya goga a tsohuwar fata, ya gwada a gashin hannunsa, in bai aske ba ya sake. Kafin wata ya ƙare damtsensa na hagu ya zama kamar an fige kaza. Kakin zuman da nake ajiyewa don toshe bakin kwalba shi ma ya sace rabi, yana murza wa tsirkiya da yatsu har ta yi ɗumi ta sha. Ya ɗiga wa tayoyin mai, ya ɗaura 'yan gashin ulu a tsirkiyar don ta daina ƙara, ya liƙa tsumma mai laushi inda kibiya ke kwanciya. Na yi masifa har na gaji. Shi ko a jikinsa.

Kullum da yamma, in rana ta kwanta a bayan ɗakin shanu wurin ya yi ɗumi, sai ya tuɓe ya bar singileti, ya jingina farantin takarda a damin ciyawa. Da farko kibiya biyu uku kafaɗar ke bari, ya dawo yana zagin ta kamar wata maƙiyiya. A hankali ta saba. Ina zaune a kan juyayyen bokiti ina ɓare wake, ina ganin tsirkiya ta taho, ta yi tauri, ta haye tudu, ɗan maɓallin ya zo ya zauna a gefen leɓensa. Sai ya tsaya cak. Sai fat! Kafin masara ta bushe yana tara kibau a wurin da murfin kwalba zai rufe.

“Auta, kin gani?”

“Na ga tsoho yana kashe faranti. Da faranti za mu yi miya?”

Amma raina fari tas. Cin abincinsa ya dawo, har kifin da ake soyawa duk Juma'a a zauren coci ya koma zuwa ci yana tsokanar mutane. Ba zan ɓoye ba, ba shi kaɗai nake ji ba. In aka tafi da shi, tagar da nake wanke-wanke a gabanta gida mai duhu za ta riƙa kallo, kuma ni ma shekaruna ba na wasa ba ne. Duk kibiyar da ta shiga farantin nan, ni ma da rabona a ciki.

Aka buɗe farautar baka da sauran ɗumi. Muka haɗa 'yar bukka da rassa a inda gonar masara ta haɗu da fadama, muka sa kujeru biyu. Mukan je mu zauna kamar gumaka. Barewa suna fitowa, amma can nesa. Wata rana wani matashin namiji mai ƙaho ya tsaya a wajen taku talatin yana kallon banza, na zungure shi da gwiwar hannu, ya girgiza kai. Da muka dawo na balbale shi.

“Yaya, so kake sai ta zo ta gaishe ka ta tambayi lafiyar iyali?”

“Ya yi nisa. Bakan ba zai ratsa shi ba.”

“A faranti kana kaiwa.”

“Faranti ba ya gudu da ciwo.”

Na san gaskiya ya faɗa.

Ganye ya yi ja, ya yi ruwan ƙasa, ya zube. Janine tana bugo mini waya duk Lahadi bayan coci. “Gwaggo, yaya dai?” Ba da murna take tambaya ba, Allah ya sani. Wani lokaci sai in ji tana jan hanci. Ta ce ita ma ba ta san abin da take roƙo ba, ya samu ko kada ya samu. Na ce mata ni na san abin da nake roƙo.

Saura mako guda da 'yan kwanaki a buɗe wa masu farauta da bindiga, sanyi ya sauko gaba ɗaya. Kuma ga abin da babu wanda ya tuna a cikinmu, har Duane da dogon bayaninsa. Duk atisayen nan a rana aka yi shi, da singileti, jiki a sake, mutum ya gama yawo ya yi gumi. Ba a taɓa jan bakan nan da jikin da ya daskare a kujera ba.

Ran nan da sassafe raɓa ta zama ƙanƙara a kan karan masara. Florian ya sa suwaita biyu ya ɗora tsohon kwat ɗin ulu na mahaifinmu. Muka zauna tun gari bai gama wayewa ba har rana ta hau, ba ta da wani zafi sai haske. Ƙafafuna sun mutu, hancina yana zuba, ina jin tsoron sharewa. Sai na ji ƙaras, ƙaras, a ganye.

Barewa ce mace, babba, ita kaɗai. Ta fito daga fadama tana tsintar masarar da injin girbi ya zubar, tururi yana fita daga hancinta. Ta taho, ta taho, har ina ganin gashin idonta. Ta juya ta ba mu haƙarƙari, ta sunkuya. Ko a mafarki ba za a ba ka wadda ta fi wannan ba.

Florian ya ɗaga bakan a hankali. Ya ja. Tsirkiya ta taho, ta yi tauri, ta kai tudu, ta tsaya.

Ina gefensa na dama, komai a idona ya faru. Ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ƙara ja, kwat ɗin ya tattare a kafaɗa. Ɗan maɓallin yana rawa a iska, tsakaninsa da leɓen ya kai yatsu uku. Na ji wani ɗan nishi ya kuɓuce masa. Barewar ta ɗaga kai ta kafa kunnuwa.

Ya saki.

Ƙarar ba irin wadda na sani ba ce. Kamar an ƙwanƙwasa katako ne. Barewar ta yi tsalle ta juya, na ga kibiyar tana lilo a kafaɗarta, kusan dukanta a waje, ta faɗa fadama da ita. Muka ji fasa ruwa da karyewar rassa, sannan shiru.

Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Muka ba ta lokaci kamar yadda aka saba, don in ka bi mai rauni da wuri sai ta yi ta gudu. Sannan muka tashi. Jini ɗigo-ɗigo ne a kan ganye, nan ɗaya, can ɗaya. Ina ɗaura guntun takardar bayi a reshe duk inda muka ga na ƙarshe, shi yana gaba, wani wuri da rarrafe, tsoho mai shekara saba'in da bakwai da gwiwoyi a cikin laka. Ɗigon ya riƙa nisa da juna. Ya koma kamar kan allura. A bakin ruwa ya ƙare. Florian ya shiga har gwiwa yana dube-dube a jikin ciyayi, sai da na yi masa ihu na ce in bai fito ba zan kira Janine yanzu-yanzu, sannan ya fito, leɓunansa sun yi shuɗi.

Washegari Duane da Ambrose suka zo muka sake kewaye fadamar, babu mai wasa a cikinsu. Ba mu samu komai ba. Hankaki ne suka nuna mana ita bayan kwana biyu, suna shawagi a can ƙarshen fadama wajen layin wutar lantarki. Diloli sun riga mu. Kai ya rage da ƙafafu da fata, ga ciyawar wurin duk ta kwanta inda ta yi ta juyi. Kibiyar tana gefe. Florian ya ɗauka ya duba. Jinin da ya bushe a jikinta bai wuce faɗin tafin hannu daga tsini ba.

Mahaifinmu yana da doka, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu da ita ya tashi: kibiyarka in ta sha jini, rabonka na shekara ke nan, ko ka samu naman ko ba ka samu ba. Ba dokar hukuma ba ce, lasin ɗinsa yana nan lafiya lau, ga sauran kwanaki a gaba. Da muka dawo gidana na sa masa ƙafafu a ruwan zafi, na fara.

“Yaya, saura kwana biyar. Duane ya ce zai sassauta maka notin bakan kaɗan, ka riƙa motsa kafaɗa a bukka, ka rage kaya. Wata za ta fito.”

“Na ci rabona.”

“Diloli suka ci, ba kai ba! Baba ya mutu shekara arba'in, ba zai taso ya kama ka ba.”

Ya gyara ƙafafunsa a cikin ruwan.

Duane, da ya rako mu, yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya yi gyaran murya ya ce akwai barewa mace rataye a garejinsa, jiya ya harbo ta. In an kawo ta da motarsa aka rataye a ɗakin shanu, Janine ba ta san barewar wani da ta wani ba. Babu mai faɗa, har Ambrose ya rantse.

Na ce, “Ka ji. Allah ya yi maka albarka, Duane. Nama nama ne.”

Florian ya ce, “Na gode, yaro. Kai wa matarka.”

Nan fa raina ya ɓaci, na tashi tsaye. Na ce masa taurin kai ba addini ba ne. Na ce zai bar gidan da aka haife shi, ya je ya zauna ana ba shi abinci da awo kamar ɗan kurkuku, ya bar ni ni kaɗai a wannan jejin, saboda me? Saboda wani ruɓaɓɓen baka da ya kamata a ce an jefar tuntuni! Ina faɗa ina kuka, ina nuna bakan da ke jingine a bango.

“Bakan ne! Kowa ya faɗa maka ba shi da ƙarfi. Ka faɗa wa Janine haka, ka ce kayan aiki ne suka ci amanarka, a sake lale. Wannan ba kasawarka ba ce.”

Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗago, muryarsa a ƙasa.

“Berna, kina wurin.”

“Ban ga komai ba.”

“Kin gani. Ke da ba ki da aiki sai leƙe.” Ya ɗan yi murmushi, murmushin da ya fi kuka ciwo. “Da bakan nan Delphine ta cika mana firji shekara da shekaru, ba ta taɓa barin ko ɗaya ta kwana da ciwo ba. Maɓallin bai taɓa leɓena ba. Na san bai taɓa ba, na kuma saki, don ina tsoron ɗaki mai kallon tafki. Dabbar nan kwana biyu tana mutuwa saboda tsorona. In na koma, haka zan sake yi.”

Duane ya sa hularsa ya fita a hankali. Florian ya ce in miƙo masa waya. Na ƙi. Ya fitar da ƙafafunsa daga ruwa ya taka ɗakina da jiƙaƙƙun sawu ya ɗauka da kansa. Abin da na ji kawai shi ne, “Janine, ni ne. Ki zo ranar Asabar.”

Asabar ɗin ita ce ranar buɗewa. Tun da safe daji ya ɗauki ƙarar bindiga ta kowace kusurwa, motoci suna wucewa cike da maza masu jajayen riguna. Janine ta zo idanunta a kumbure, tana ta cewa, “Baba, ba dole sai yau ba,” shi kuwa yana miƙa mata akwati. Kayan ba su da yawa. Ya zagaya ya kashe ruwan gidan don kada ƙanƙara ta fasa famfo, ya zare wutar murhu, ya ba ni makulli.

Daga ƙarshe ya tsallako titi da bakan naɗe a bargonsa, ya ajiye a kan teburina inda ya fara ajiye shi.

“Me zan yi da shi?”

“Ki riƙa shafa wa tsirkiyar kaki, kada ta bushe. Shi babu laifin da ya yi.”

Na ɗaga bargon. Ɗan maɓallin yana nan a wurinsa. Na ɗauko ƙaramar wuƙa daga aljihun tebur.

“Tsaya in cire maka wannan ka tafi da shi. Ko a aljihu ka sa.”

Ya daɗe yana kallon sa. Har ya miƙa yatsa, sai ya janye, ya sa hannun a aljihun kwat.

“Bar shi inda yake. Delphine ta faɗa mini, ban ji ba.”

Janine ta danna hon a hankali. Ya fita bai waiwaya ba, ya shiga gaba ya ja ƙofa da hannun hagu. Na tsaya a taga da wuƙar a hannuna har motar ta sha kwanar gonar dankali, ana ta harbi a bayan fadama.